WA YA CI AMANAR "CI"?

A wani zaman karatu da muka yi a Dutse kwanakin baya, irin wanda mambobi kan taru kowa ya karanto abin da ya rubuta a yi masa gyara, wani matashi daga cikinmu ya miƙe ya yi wata magana wadda har yau ba ta bar kunnuwanmu ba. Cewa ya yi wai Hausa harshe ne matalauci. Hujjarsa kuwa ita ce, da kalma ɗaya Bahaushe ke cin tuwo, da ita yake cin zaɓe, da ita kuma yake cin bashi, wai da harshen yana da arziki, da kowanne an yanka masa tasa kalmar. Bai zauna ba sai da ya kawo mana misali daga Turanci. Ya ce mu dubi "take off" kaɗai, malaminsu ya taɓa jera musu ma'anoninta har allo ya cika, wannan shi ake kira harshe mai zurfi.

Maganar yaron ba ta dame mu sosai ba, domin yaro bai san wuta ba sai ya taka. Tafin da aka yi masa ne ya hana mu barci, saboda a cikin masu tafin har da waɗanda suka buga littattafai da Hausa, suna kuma sa ran a kira su marubuta. Babu wanda ya lura cewa abu ɗaya yaron ya auna da mudu biyu. Kalma ɗaya mai ma'ana da yawa, in a Turanci ce sunanta zurfi, in a Hausa ce sunanta talauci. To, tun da a gaban jama'a aka yi wannan ƙazafi, a gaban jama'a za mu ba da amsa, kuma muna roƙon duk wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari mu fara ba Turanci haƙƙinsa. Bature yana da wata dabara ta ɗaukar aikatau ya liƙa masa 'yar ƙaramar kalma a baya, sai ma'ana ta juya. "Take" ɗauka ne, amma da zarar an sa masa "off" sai ya shiga yawo. In mutum ya tuɓe riga, ita ce. In jirgin sama ya tashi, ita ce. In sana'a ta kankama ciniki ya buɗe, ita ce. In ma'aikaci ya ɗauki hutun kwana biyu, ko mai kanti ya yi wa mai saye ragi, ko ɓarawo ya ranta a na kare, ko wani ya kwaikwayi maganar wani don a yi dariya, duk da ita ake faɗa. Wannan abin sha'awa ne, ba mu musa ba, kuma wajibi ne ɗalibanmu su san shi, domin wanda bai sani ba zai faɗi jarrabawa, ya kuma yi fassarar da za ta kunyata shi. Mun ƙirga bakwai ke nan, wanda ya fi mu sani ya ƙaro nasa.

Yanzu sai a biyo mu kasuwar Shuwarin ranar da take ci. Tun daga nan ma an fara, domin kasuwa ba ta da baki, amma tana ci, mu kuma da muka zo, cin ta muka zo yi. Direban da ya kawo mu ya ci birki a bakin tasha. Mai hatsi ya ce buhun nan yana cin kwano arba'in. Tela ya ce babbar rigar za ta ci yadi goma. Mahauci yana wasa wuƙa don ta daina ci. Wani ya ci riba, wani ya ci bashi, wani sabon takalmi ya ci masa ƙafa, wani kuma an ci shi tara don ya kasa kaya a kan hanya. Ga budurwa ta ci ado, ga samari daga Jahun da Kiyawa da Miga suna neman motar da za ta kai su cin rani. Can gefe rigima ta tashi, wani yana cewa an ci masa mutunci, abokin faɗansa yana cewa ai shi aka fara ci wa fuska, dillali kuwa ana zarginsa da cin dunduniyar ɗan'uwansa. Ba mu kai tsakiyar kasuwa ba mun ƙirga goma sha biyar, kuma babu ko ɗaya a ciki da aka tauna aka haɗiye.

In an bar kasuwa aka shiga tarihi, nan ma ita ce. Turawa sun ci Kano a 1903, suka ci Haɗeja a 1906. Ali Sa'ad Birnin Kudu ya ci zaɓe a watan Disamba na 1991, ya zama zaɓaɓɓen gwamnan farko na wannan jiha da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta na shekarar. Marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi ya ci sarauta a 1995. A gida jariri yana cin sunan kakansa, magada suna cin gado. A gaban alƙali shari'a tana cin mutum, mai rantsuwa a kan ƙarya rantsuwa ta ci shi. Wuta tana ci, ruwa yana cin gari, magani yana ci. Kai, ko kalmar nan da babu jawabin gwamnati da ke ƙarewa ba a ambace ta ba, wato ci gaba, ai 'yar gidan ce. Wanda ya tsaya a Dutse yana kukan rashin ci gaba, sannan ya ce "ci" alamar talaucin harshe ce, da bakinsa ya ƙaryata kansa.

Ana iya cewa to ai wannan tarin tsiya ne kawai, an jibga ma'anoni a kan kalma ɗaya babu tsari. Wannan ma ba haka ba ne, kuma abin kunyar shi ne baƙi sun riga mu gani. Tun 1934 G. P. Bargery ya fitar da ƙamusunsa mai kalmomin Hausa sama da 39,000, wanda ya buɗe wajen "ci" zai ga yadda ta cika wuri. R. C. Abraham ya bi sawu da nasa a 1949. A 1966 wani Bafaranshe, Claude Gouffé, ya rubuta maƙala sukutum a kan "ci" da "sha" kaɗai. A 2009 kuma Philip Jaggar na Jami'ar Landan da Malami Buba, mutumin Sakkwato, suka nuna cewa kalmomin biyu sun raba aiki a tsakaninsu. Galibi "ci" tana wajen wanda ya fi ƙarfi, ya rinjaya, ya mallake, ita kuwa "sha" tana wajen wanda abu ya auka wa, ya jure. Shi ya sa a filin dambe wani ke ci, wani ya sha kashi. Shi ya sa ake cin zaɓe, ake shan kaye. Ake cin riba, ake shan wahala. Ake cin mutuncin wani, shi kuma ya sha kunya. Ƙa'idar ba ta rasa inda take ɗan karkacewa, domin mukan ce ya ci duka, mu kuma ce ya sha duka, amma ginshiƙinta yana nan. Tsohuwar da ke dakan fura a Garu ba ta taɓa jin sunan Jaggar ba, amma ba za ta taɓa cewa an sha zaɓe ba, kamar yadda ba za ta ce an sha goro ko an ci rake ba. Tsarin yana cikin kanta, ba ta kuskure shi. Masu digirinmu ne suka fara kuskurewa.

Akwai kuma wani abu da malamin da ya cika allo da "take off" bai gaya wa ɗalibinsa ba. Aikin da Bature ke yi da 'yan ƙananan kalmominsa na "off" da "up" da "out", Bahaushe a jikin aikatau yake yin sa, ba ya bukatar ɗan rakiya. Ka saya, ka saye duka, ka sayo ka kawo nan, ka sayar ka rabu da shi, kaya kuma su sayu. Ka ci, ka cinye, ka ciyo, ka ciyar da wani, tuwon da ya yi tsami kuwa ba ya ciwuwa. Wasali ɗaya ake juyawa, ko a ƙara 'yar gaɓa, sai a san ko abin ya ƙare ƙaf, ko ya nufo mai magana, ko ya bar hannunsa. F. W. Parsons ne ya tsara wannan a 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, har yau kuma da tsarinsa ake koyarwa a jami'o'i. Ɗan Ingila da ke koyon Hausa yana shan wuya a kan "sayo" da "saye" daidai da yadda ɗanmu ke shan wuya a kan "take off" da "take on". Bambancin kawai, shi bai taɓa cewa harshensa ne matalauci ba.

Da a ce maganar ta tsaya a gardamar zaure, da mun kyale. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ɓarnar ta riga ta shigo rubutu, muna ganin ta a cikin labarai da waƙoƙin da ake aiko wa wannan mujalla, muna kuma ganin ta a littattafan da ake rubutawa a waya ana rarrabawa. An taɓa kawo mana wani labari inda marubucin ke son ya ce jaruminsa ya samu buɗi, sai ya rubuta cewa kasuwarsa ta tashi. Mun karanta muna jiran mu ga talaucin da zai biyo baya, sai muka ga jarumi ya sayi mota ya ƙara aure. Ashe "take off" ce ya yi tunani da ita, ya juye ta kai tsaye, ya manta cewa a Hausa in kasuwa ta tashi, to an watse ke nan, sai kare da leda. Ya faɗi kishiyar abin da yake nufi, bai kuma ji komai a kunnensa ba. Wannan rashin jin shi ne ciwon.

Irin wannan ba ɗaya ba ne. Yanzu yaro ba ya cin jarrabawa, wuce ta yake yi, sai ka ce wani gida ne a bakin hanya. Ba a cin amana, karya ta ake yi. Saurayi ba ya kamuwa da son yarinya, faɗawa yake yi cikin soyayya kamar wanda ya rufta rijiya. Mota ta daina shan mai, amfani take yi da shi. Talaka kuwa an hana shi shan wahala, an ce ya riƙa fuskantar ta, yana fuskantar yunwa, yana fuskantar rana, yana fuskantar suka, har mutum ya rasa fuska nawa gare shi. Wanda ya fuskanci abu, tsaye yake yana kallon sa daga nesa. Wanda ya sha shi kuwa, ya shiga cikinsa ya ratsa jijiyoyinsa. Manomin da ambaliya ta cinye wa gona a bakin kogin Haɗeja bai fuskanci komai ba, wahala ya sha, kuma marubucin da ya kasa faɗin haka ya rage masa zafin abin da ya same shi.

A nan ne maganar ta wuce ta nahawu. Mu duba yadda ake ba da labarin ɓarawon biro a yau. Ba a cewa ya ci amana, ba a cewa ya ci dukiyar marayu ko haƙƙin 'yan fansho. Cewa ake yi ya karkatar da kuɗaɗe, ko an samu rashin daidaito a lissafi, ko ya yi amfani da muƙaminsa ta hanyar da ba ta dace ba. Duk waɗannan daga takardun Turanci na ofis aka kwaso su, kuma an ƙera su ne musamman don kada su yi wa kowa zafi. Kuɗin da aka karkatar ai kamar ruwan fadama ne, gobe a karkato shi ya dawo. Wanda aka ci kuwa ya tafi. Akwai masu cewa wai ita wannan "ci" ɗin ce ta lalata mu, tun da harshen da ke cewa an ci sarauta ya riga ya mayar da mulki akushi, har wani Bafaranshe, Jean-François Bayart, ya fitar da littafi a 1989 yana kiran siyasar Afirka siyasar tumbi. Amsarmu ita ce, harshen da ya ce an ci sarauta shi ne kuma ya ce an ci hanci, an ci zali, an ci haram, an ci amana, ya tanadi ci-ma-zaune ga malalaci, ya tanadi ci-da-ceto ga mayaudari. Bai ɓoye wa kowa komai ba. Duk marubucin da ya ajiye waɗannan kalmomi ya ɗauko na ofis, ya sani wanka yake yi wa ɓarawo, ko da bai yi niyya ba.

Mun san abin da za a ce mana, domin mun sha ji. Za a ce harshe rayayye ne, dole ya canza, mu ne 'yan gargajiya masu son a koma zamanin jaki. To, ba mu ce kada a yi aro ba. Hausa ta ari littafi da alƙalami daga Larabci, ta ari mota da asibiti daga Turanci, ta ari ashana daga Yarabanci, ba ta rage komai ba. A dubi direbobin tashar Dutse, waɗanda yawancinsu ba su yi zurfi a boko ba. Sun karɓi birki daga Bature suka ce a ci shi, suka karɓi kwana suka ce a sha ta. 'Yan ƙwallo suka karɓi kofi suka ce a ci shi. Wannan shi ne aron mai gida, baƙo ya shigo ya bi dokar gidan. Abin da muke ƙi shi ne a bar kalmomin Hausa a fili, a zare musu ƙashin baya a sa na Turanci, jimla ta fito da hula da babbar riga amma tafiyarta ta Bature. Mun kuma yarda akwai waɗanda suka riga suka zauna, irin su ɗaukar mataki da taka rawa, ba mu da ƙarfin korar su, ba kuma za mu ɓata lokaci a kansu ba. Amma don ɓarawo ya fita da akuya ba a bar masa ƙofar garke a buɗe.

Za a kuma ce "ci" tana da wata ma'ana da kunya ba ta bari a faɗa a gaban manya, don haka gara a kauce mata. Mun san da ita. Sai dai iyayenmu da suka fi mu kunya nesa ba kusa ba, da wannan kalma suka yi wa'azi, da ita suka yi shari'a, ba su taɓa ruɗewa ba, domin muhallin magana shi ke tsare ma'ana. Haka nan masu cewa yawan ma'ana yana rikita mai karatu. Wa ya taɓa jin an ce ruwa ya ci mutum ya tambaya ko da miya? In Bature bai rikice tsakanin tuɓe riga da tashin jirgi ba, don me za a ɗauka Bahaushe zai rikice tsakanin tuwo da zaɓe?

Sanin Turanci ba shi ne laifin ba. Abubakar Imam ya san Turanci, ya san Larabci, kuma da yawa daga labaran Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, daga littattafan wasu al'ummu ya samo su. Amma wa ya taɓa jin warin baƙunta a jikinsu? Ya karanta da harshen wasu, ya rufe littafin, ya yi tunani da nasa, sannan ya rubuta. A shekarun 1990 an yi ta kai ruwa rana a jaridu a kan littattafan soyayya da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, an zarge su da abubuwa da dama, wasu da gaskiya wasu babu. Amma wanda ya karanta Balaraba Ramat Yakubu ko Ado Ahmad Gidan Dabino ya san Hausar tsakar gida ya karanta, mutanen cikin littafin suna magana kamar maƙwabtansa. Abin takaici ne a ce mu da muka fi su samun makarantu, ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, mu ne za mu rubuta Hausar da sai an mayar da ita Turanci a zuci kafin a gane ta. Yanzu kuma ga na'urorin fassara a cikin kowace waya, waɗanda daga abin da muke rubutawa suke koyo. In mun ba su gurɓatacciya, ita za su haddace su mayar wa 'ya'yanmu, su kuma su ɗauka ita ce daidai.

Saboda haka muna kira ga mambobi da masu sha'awar shiga wannan sana'a da abubuwa kaɗan waɗanda ba su fi ƙarfin kowa ba. Duk wanda ya gama rubutu, kafin ya aiko mana, ya karanta shi da ƙarfi a gaban wani dattijo ko wata gwaggo da ba ta yi boko ba. Duk inda ta ce "me?", to a nan Turanci ya ɓuya, a tono shi. Duk inda ya ga ya rubuta "fuskanta" ko "gudanar da" ko "samu nasarar", ya tsaya ya tambayi kansa ko akwai "ci" ko "sha" ko wata 'yar gida da aka hana ta wurinta. Mai fassara kuma ya daina fassara kalma, ya tambayi kansa abin da Bahaushe ke cewa in wannan abu ya same shi. Sannan kowa ya nemi ƙamus ya ajiye kusa, ko da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ne na 2006, wanda ya yi bayanin Hausa da Hausa.

Bayan haka muna ba da shawara ƙungiya ta ɗauki wani aiki da ya dace da ita. Kowane mamba ya sayi ɗan littafin rubutu, ya shiga da shi Shuwarin da Gujungu da Sara, ya zauna a majalisar mahauta da ta dillalai da wajen masu aikin dabino, ya rubuta duk wata "ci" da "sha" da ya ji, da jimlar da aka faɗe ta a ciki, da garin da ya ji ta. Ƙamusun da muke da su sun fi jingina da Hausar Kano da ta Sakkwato da Katsina, alhali kuwa bakin mutanen Dutse da Birnin Kudu da Gwaram yana da nasa gishirin, tsofaffin da suka riƙe shi kuma kullum raguwa suke yi. A buɗe shafi a wannan mujalla a riƙa buga abin da aka samo kowane wata uku. In an shekara biyu ana yi, za a samu ɗan littafin da malamin Hausa zai shiga aji da shi, shi ma ya cika allonsa, har ya nemi ƙari.

Shi kuwa ɗan'uwanmu da ya tayar da wannan magana, ba mu riƙe shi a zuci ba, hasali ma ya yi mana rana, domin ya faɗi abin da da yawa ke ɓoyewa. Muna gayyatar sa zama na gaba, ya zo da "take off" ɗinsa da duk 'yan'uwanta, mu kuma mu zo da "ci" ita kaɗai, a kafa allo biyu a ga wanda alli zai fara ƙare wa. In ya ci mu, za mu buga a wannan shafi cewa mun sha kaye. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka gada, amin.